LABARIN MAMMAN SANI, MAI KIƊAN LANTARKI NA ƘASAR NIJAR

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure da Daura, ta ƙetare iyaka a Kwangwalam ta nufi Matamaye da Damagaram, ya san akwatin rediyo abokin tafiya ne. Fataken hatsi da na dabbobi waɗanda suka yi safara a ƙasar Nijar tun daga zamanin Shugaba Saini Kunce, da mutanen ƙauyukan arewa waɗanda su kan murɗa akwatinsu su kamo Yamai, sun sha jin wani kiɗa da a kan saka tsakanin shiri da shiri. Kiɗa ne mai sanyi, marar gaggawa, galibi ba muryar mutum a cikinsa. Mai saurare ya kan yi zaton sarewa ce, can kuma ya ji kamar goge, alhali kuwa ba ɗaya daga cikinsu. Fiye da shekara talatin gidan rediyo da gidan talbijin na ƙasar suna amfani da shi, har kunnuwa suka saba da shi kamar yadda suka saba da carar zakara.

Mai wannan kiɗa sunansa Mamman Sani Abdullahi, mutumin Yamai. Labarinsa yana da fa'ida ga mutanen karkarar Kano, domin ya nuna yadda baƙon kayan aiki ya kan riƙe tsohon kari idan ya faɗa hannun wanda ya san gida, ya kuma nuna yadda aikin mutum ya kan kusa salwanta idan ba a yi masa ajiya ba.

YADDA AKWATIN YA ZO HANNUNSA

Mamman Sani ma'aikacin gwamnati ne. A cikin shekarun 1970 ya yi aiki da ya shafi UNESCO, watau hukumar ilmi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda mazauninta ya ke a birnin Faris. Aikin nan ya kai shi Turai da Japan. A wurin wani taro na hukumar ya gamu da wakilin ƙasar Ruwanda, wanda ya zo da wani akwatin kiɗa na lantarki ƙirar Italiya, mai suna Orla. Irin akwatin nan Turawa su ke kira ogan, ɗan'uwa ne ga wanda samari su ke kira fiyano yanzu. Da Mamman Sani ya ji amonsa sai abin ya shiga ransa, ya yi ta lallashin mai shi har ya sayar masa, ya ɗauko shi ya kawo Yamai. Ana kyautata zaton shi ne irinsa na farko da ya shiga ƙasar Nijar.

To, wanda ya sayo baƙon abu irin wannan, hanya biyu ke gabansa. Ta farko ita ce ya riƙa kwaikwayon abin da masu akwatin su ke kaɗawa a ƙasarsu, ya zama kamar aku. Wannan hanya tana da sauƙi, ita ce kuwa mafi yawan mutane su kan bi. Ta biyu ita ce ya tilasta wa akwatin ya koyi bakin gida. Mamman Sani ya ɗauki ta biyun. Ya zauna yana ƙaga nasa kiɗa, yana kuma ɗauko tsofaffin karin waƙoƙin ƙasar, har da na Fulanin Wodaɓe, waɗanda a ke kira Bororo, da na Abzinawa, yana zuba su cikin akwatin. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Sunayen waɗansu kaɗe-kaɗensa ma sun isa shaida, domin akwai mai suna Salamatu, akwai kuma Arman Doley, watau auren dole da bakin Hausawan Nijar.

ABIN DA AKWATIN KE IYAWA, DA WANDA BA YA IYAWA

Ya kamata mai karatu ya san yadda akwatin ya ke, domin ya gane wuyar aikin. A fuskarsa akwai madannai jere, farare da baƙaƙe. An kasa su zango zango, kowane zango yana da madannai 12, farare 7 da baƙaƙe 5, sa'an nan zango na gaba ya maimaita waɗannan muryoyi amma da ƙarin kaifi. Ba fata a jikinsa, ba tsarkiya, ba kuwa wurin busawa. Wutar lantarki ce ke kaɗawa a cikinsa da sauri ko a hankali, gwargwadon madannin da aka taɓa, wannan kaɗawa ita ce ke fitowa ta lasifika ta zama amo. Hannun hagu ya kan riƙe muryoyi masu kauri, na dama ya tafi da karin waƙa. Akwai kuma wani sashe mai buga kiɗa da kansa ba fasawa, kamar ganga marar makaɗi.

Mafi yawan karin waƙoƙin ƙasar Hausa da maƙwabtanta a kan muryoyi biyar su ke tafiya a cikin kowane zango, saɓanin na Turawa wanda ya fi tafiya a kan bakwai. Wanda ya bi baƙaƙen madannan nan biyar kawai, ya bar farare, zai ji abin da ya fito ya yi kusa da karin gida. Wannan ita ce ƙofa ta farko da akwatin ya buɗe wa Mamman Sani.

Ƙofa ta biyu ita ce dogon numfashi. Mai busa algaita sai ya koyi shaƙar iska ta hanci alhali yana fitar da wata ta baki, kumatunsa cike, kafin ya iya riƙe murya ba yankewa, wannan kuwa aikin shekaru ne. Shi akwatin, muddin yatsa na kan madanni muryar ba ta yankewa. Waƙar Wodaɓe kuwa haka ta ke. A wurin taronsu na gerewol samari su kan jeru, ɗaya ya ɗauko waƙa, sauran su karɓa suna jan murya, kafin wannan ya sauke wancan ya ɗauka, har a ji kamar murya guda ce marar ƙarshe. Abzinawa kuma matansu su kan ɗaure fata a bakin turmi su mai da shi ganga, su yi ta maimaita bugu guda ana tafi, kamar takun raƙumi. Jan murya da maimaita bugu su ne abubuwa biyu da akwatin ya fi gwaninta a kai. Saboda haka kiɗan Mamman Sani ya fito a hankali, yana kewaya kari guda yana komowa, yana ƙara ɗan ado kaɗan a kowane zagaye.

Amma fa akwai abin da akwatin ba ya iyawa, wajibi ne a faɗe shi. Harshen Hausa yana da hawa da sauka, da su a ke rarrabe kalma da kalma. Mai kalangu ya kan matsa igiyoyin da ke jikinsa da hammata ya saki, muryar ta hau ta sauka, har kalangu ya kira sunan mutum ya yi masa kirari, mai ji kuwa ya gane. Mai goge ya kan zame yatsa a kan tsarkiya ya fitar da muryoyin da ke tsakanin madanni da madanni. Akwatin lantarki irin na wancan zamani muryoyinsa a ƙayyade su ke tun daga masana'anta. Don haka ba ya iya magana kamar kalangu, bugunsa kuma ba ya jiran mawaƙi ko ɗan amshi. Mamman Sani bai ɓata lokaci yana neman akwatin ya zama kalangu ba. Ya ɗauki ƙashin karin ya bar abin da ba ya ɗaukuwa, abin da ya fito kuwa sabon abu ne, wanda makiyayi zai gane tushensa ko da ya ke bai taɓa jin irinsa ba.

KASET NA SHEKARAR 1978

A wancan lokaci ƙasar Nijar ta fito ke nan daga babban fari na farkon shekarun 1970. Saini Kunce ya karɓi mulki daga hannun Jori Hamani a watan Afrilu na 1974, ya riƙe har rasuwarsa a 1987. Gwamnatinsa ta raya ƙungiyoyin samariya, ta riƙa shirya bukin matasa na ƙasa inda kowace jiha ke kawo waƙoƙinta da raye-rayenta, domin a haɗa kan Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari. Kiɗan da ba na ƙabila guda ba, wanda ya ɗebo nan ya ɗebo can, ya dace da bukatar gidan rediyon ƙasa ƙwarai.

A shekarar 1978, wadda ta yi daidai da 1398 ta Hijira, Mamman Sani ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a Yamai da akwatinsa. Shi kaɗai ne, ba 'yan amshi, ba makaɗa. Dabarar da aka yi ita ce, ya kaɗa sashe na farko aka naɗa a zare, sa'an nan aka mai da zaren baya, ya kaɗa sashe na biyu a kan na farko yana saurare. Da haka mutum ɗaya ya zama shi ne jagora shi ne mai karɓi. Aka sa wa aikin suna da Faransanci, La Musique Électronique du Niger, ma'anarsa kiɗan lantarki na ƙasar Nijar. Aka buga shi a kaset tare da haɗin kan ma'aikatar al'adu, da nufin ya shiga jerin kaset-kaset masu nuna sabon kiɗan ƙasar.

Shirin bai tafi yadda aka so ba. Kaset kaɗan ƙwarai aka buga, ba su kai kasuwa yadda ya kamata ba, waɗanda suka fita kuwa suka bi hannuwa suka ɓace. Kowane falke ya san kayan da ba su kai kasuwa ba, kome kyaunsu, ba su da farashi. Haka aka zauna, kiɗan yana shiga kowane gida ta rediyo, amma ba inda mutum zai je ya saye shi. Duk da haka Mamman Sani bai daina ba. Tsakanin 1981 da 1984 ya naɗi waɗansu kaɗe-kaɗe ya ajiye. Tsakanin 1985 da 1988 ya naɗi waɗansu a Nijar da Faransa, da sababbin akwatuna waɗanda suka fi na farko yawan muryoyi. Su ma aka ajiye su shekara da shekaru ba a buga ba.

WAƊANDA SUKA BI IRIN WANNAN HANYA

Kada mai karatu ya zaci gwajin kiɗa da na'ura abin Turawa ne su kaɗai. A shekarar 1944 wani Bamisire mai suna Halim al-Dab ya ari na'urar naɗar murya a Alƙahira, ya naɗo waƙar mata a wurin wasan zar, wanda ya yi kama da bori, ya komo ya yi ta sarrafa muryoyin da na'urorin gidan rediyo har suka zama wani abu dabam. Masana suna lissafa aikin nan cikin na farko-farko a duniya, ya riga na Bafaranshen nan Piyer Shefa da shekara huɗu. A Kamaru an yi Faransis Bebe, wanda shi ma ya yi aikin UNESCO a Faris, ya bari a 1974 ya koma haɗa kayan kiɗan gargajiya da na lantarki. A Inugu an yi Wiliyam Onyabo, wanda ya soma fitar da faya-fayensa a 1977. A Jamus kuwa akwai ƙungiyar Kraftwerk, wadda ta shahara a waɗannan shekaru, da ita Turawa suka riƙa kwatanta Mamman Sani sa'ad da suka ji shi daga baya.

A ƙasar Hausa ma makaɗa ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zaga duniya, irin wanda a kan yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Gwangwanin kuwa kayan kanti ne, ba na kakanni ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya riƙe kalangu har ƙarshen ransa, amma ya yi waƙar direbobi da ta ƙasashen da ya ziyarta. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, wannan tsohuwar magana ce.

YADDA AKA TONO KASET

Abin da ya ceci aikin Mamman Sani shi ne kaset guda da aka ajiye a wani ɗakin ajiyar kaɗe-kaɗe a Yamai, cikin tarin kaset-kaset da zarurruka masu ƙura. Wani Ba'amurke mai suna Kiristofa Kakli, mutumin birnin Fotlan, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds domin buga kaɗe-kaɗen ƙasashen Sahel, ya zo bincike a ɗakin, ya zaro kaset ɗin ya saurara. Ya nemi mai shi, bai kuwa sha wuya ba, domin a Yamai sananne ne. Suka yi yarjejeniya. A shekarar 2013 aka buga aikin a faifan garmaho, aka kuma sa shi a intanet, shekara 35 ke nan bayan naɗarsa.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Aka gayyace shi ƙasashen Turai ya yi wasa gaban jama'a, yana dattijo. A 2014 aka buga kaɗe-kaɗen nan na 1985 zuwa 1988 da sunan Taaritt, a 2015 kuma aka buga na 1981 zuwa 1984. Matasan Turai da Amurka waɗanda ba a haifa ba sa'ad da aka naɗi kiɗan suka riƙa sayensa, suna mamakin yadda aka yi irin wannan a gefen Hamada tun wancan zamani. Da ruwa ya shiga ɗakin nan, ko gara ta ci kwalin, ko wani ma'aikaci ya share shi da shara, da labarin ya tsaya a Yamai.

Akwai wani ɗan Nijar kuma wanda labarinsa ya yi kama da wannan ta wata fuska, shi ne Malam Mamman Barka, malamin makaranta mai kaɗa gurmi, mutumin Tasker. A 2002 ya sami taimakon UNESCO ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda a ke ganin shi ne na ƙarshe cikin gwanayen kaɗa biram, wani abin kiɗa na masuntan Buduma mai siffar kwalekwale da tsarkiya biyar. Ya zauna ya koya, tsohon ya ba shi biram ɗinsa, ya fita da shi duniya kafin ya rasu a 2018. Shi ya je ya ɗauko tsohon kayan kiɗa daga bakin kabari, Mamman Sani kuwa ya ɗauko tsohon kari ya sa a sabon akwati.

ABIN DA YA SHAFI MUTANEN KARKARAR KANO

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Dawakin Tofa da Minjibir zuwa Bichi da Makoɗa da Kunci da Dambatta, ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na manne da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an kai taki an shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. Kowane aiki a nan yana da muryarsa. Akwai gangar noma da a kan kaɗa wa samari ranar gayya, kowane gwani da takensa. Akwai waƙar niƙa da mata su kan yi a kan dutse, suna faɗin abin da ke ransu wanda ba su faɗi a fili. Akwai waƙar daɓe, da lugude a turmi, da kiɗan ƙwarya, da gaɗar 'yan mata a dandali. A cikinsu akwai tsofaffin kalmomi da sunayen garuruwa da na mutanen da suka shuɗe, waɗanda ba a rubuta a ko wane littafi ba.

Injin niƙa ya shigo, dutse ya koma bayan ɗaki. Siminti ya kori daɓe. Gayya ta ragu, ƙwadago ya maye gurbinta. Ba mai cewa a mai da mata kan dutse domin waƙa, sauƙi rahama ne. Amma idan aiki ya tafi waƙarsa ta kan bi shi, tsofaffin da suka haddace ta kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuma fiyano ya iso Kano. Tun daga shekarun 1990 masu shirya finafinan Hausa suka kama shi, masu waƙoƙin biki suka bi, har waɗansu masu bege suka haɗa shi da mandiri. Sai dai da yawa daga cikin karin da aka zuba masa daga finafinan Indiya aka aro su. Akwati iri ɗaya ne da na Mamman Sani, har ya fi nasa ƙarfi nesa. Bambancin yana wurin abin da mai shi ya ji da kunnensa kafin ya ɗora yatsa. Saurayin Bichi ko na Dambatta da ya sayi fiyano, da zai zauna wurin kakarsa ya ji waƙar niƙa, ya je wurin tsohon makaɗin noma ya ji take, da ya sami abin da ba wanda ya ke da shi a Indiya ko a Turai.

Maganar hukuncin kiɗa, malamai sun yi bayani a kanta tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sun rarrabe abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, wannan kuwa fagensu ne. Amma maganar ajiya, ba wanda ya fi malamai saninta. Waƙoƙin Nana Asma'u da na malaman zamaninta sun iso yau domin an rubuta su da ajami, wannan ya kwafa daga wancan, aka adana a gafaka, mai kwafi kuma ya rubuta sunansa a ƙarshe. Matan da ke niƙa da manoman gayya ba su sami mai yi musu haka ba.

Yanzu kuwa alƙalamin murya yana aljihun kowane falke, watau wayar hannu, wadda ta fi na'urar gidan rediyon Yamai ta 1978 sauƙin aiki. Wanda ke da tsohuwa a gida mai tuna waƙar niƙa ko ta daɓe, ya nemi izininta ya naɗa. Ya faɗi sunanta da garinta da shekarar da aka naɗa, da wanda ta koya wurinsa, kamar yadda a ke yi wa littafi. Kada a bar shi a waya ɗaya, domin waya ta kan faɗa rijiya ko a sace ta a kasuwar Dawanau. A yi kwafi biyu ko uku, a kai ɗaya inda a ke ajiya, kamar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, ko cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Kaset guda da aka ajiye a inda ya dace shi ya mai da wa Mamman Sani wahalarsa bayan shekara 35.

Allah ya ba da ikon kiyaye abin da ke da amfani, ya jiƙan magabata, amin. Tamat.